ƘWARI DA TSIRRAI A FADAMAR HAƊEJIYA: DUKIYAR DA BA MU ƘIDAYA BA



An nemi in yi magana a kan wani abu da ya shafi karatuna kuma ya shafi ƙasarmu, sai na zaɓi in yi magana a kan ƙwari. Na san wasu za su ce a ransu, duk matsalolin da suka dami talaka a rasa abin tattaunawa sai fara da buzuzu? To, ina roƙon ku ba ni aron kunnuwanku na ɗan lokaci, domin ina so in nuna muku cewa tsakanin ƙwaron da ke kan ganye da ɗacin da ke cikin ganyen akwai wani ilmi mai zurfi, wanda abincinmu da lafiyarmu da aljihun manominmu suka rataya a kansa. Zan kafa misalaina da fadamar kogin Haɗejiya, saboda samun wurin da ya fi ta dacewa da wannan nazari a Arewa abu ne mai wuya.

Da farko bari mu dubi wurin. Kogin Kano da kogin Calawa su ne suka haɗu suka zama kogin Haɗejiya. Da ya wuce garin Haɗejiya sai ya shiga shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai jerin tsofaffin tuddan rairayi, ya rarrabu rassa-rassa, ya malala ta ƙasashen Kirikasamma da Guri har ya taɓo Nguru, ruwansa ya gamu da na kogin Jama'are, su zama kogin Yobe mai gangarawa Tafkin Cadi. Saboda haka mutum yana iya tsayawa a kan jigawa mai sabara da tumfafiya, ya yi taku kaɗan ya shiga dajin goruba da bagaruwa, ya ƙara taku kaɗan ya tsinci kansa cikin fadamar shinkafa ko tabki mai bado. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan wurare da irin tsirransa, kowane tsiro kuma da irin ƙwarinsa. Duniya ta san darajar wurin: a 2000 an sa tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar, a 2008 kuma aka sa dausayin Baturiya. Amma abin da ya jawo wannan suna shi ne tsuntsaye, musamman baƙin da ke tasowa daga Turai lokacin hunturu. Ƙwarin da yawancin tsuntsayen nan da kifayen kogin suke ci kuwa, ba safai ake tuna su ba.

Shin ƙwari iri nawa ne a duniya? Masana sun raɗa wa kimanin iri miliyan 1 suna, wato fiye da rabin dukkan dabbobin da aka sani. A 1982 wani masani ɗan Amurka, Terry Erwin, ya ba da labarin aikin da ya yi a dajin Panama, inda ya yi wa itatuwa 19 na iri ɗaya feshi, ya tattara abin da ya zubo, ya sami dangin buzuzu fiye da iri 1,000. Daga nan ya yi lissafi ya ce mai yiwuwa ƙwarin duniya su kai iri miliyan 30. Masanan da suka biyo baya sun ga lissafin ya yi yawa, sun dawo da shi wajen miliyan 5 da rabi. Ko da wannan ƙaramin adadi muka ɗauka, ma'anarsa ita ce a cikin kowane iri biyar, huɗu ba su da suna a littafi, kuma mafi yawansu a ƙasashe masu zafi irin namu suke.

To, me ya kawo wannan yawa? A nan ne maganar tsirrai ta shigo. Tsiro ba shi da ƙafar gudu, ba shi da haƙorin cizo. Abin da Allah ya hore masa na kare kai shi ne ƙaya da gashi da kauri, sannan uwa-uba sinadarai: ɗaci, bauri, yaji, wari, ƙaiƙayi da dafi. A da masana sun ɗauki waɗannan sinadarai a matsayin shara kawai da tsiro ke tarawa. A 1959 Gottfried Fraenkel ya kawo hujjar cewa makamai ne na tsare kai daga ƙwari. A 1964 kuma Paul Ehrlich da Peter Raven suka bi dangogin malam-buɗe-littafi da irin ganyayen da tsutsotsinsu ke ci, suka ga kowane dangi ya fi liƙe wa dangin tsirrai masu sinadari iri ɗaya. Bayaninsu shi ne, idan tsiro ya sami sabon dafi sai ya huta da maciya, ya yaɗu. Idan kuma wani ƙwaro ya sami hanyar jure dafin, to ya sami akushin da babu mai sa masa hannu, shi ma sai ya yaɗu ya rarrabu. A haka yawan sinadaran tsirrai ya zama ɗaya daga cikin manyan dalilan yawan ire-iren ƙwari.

Kada ku ce wannan zancen dajin Panama ne. Ku dubi tumfafiya, wadda ba kangon da ba ta tsiro a kai daga Malam Madori har Birniwa. Farin ruwan nan da take fitarwa yana ɗauke da wani dafi mai taɓa zuciya. Aikinsa shi ne toshe wata 'yar kafa da ke jikin ƙwayoyin halitta, wadda ke daidaita shiga da fitar gishiri, idan kuwa ta toshe sai bugun zuciya ya rikice. Shi ya sa yawancin masu cin ganye suke kauce mata. Amma akwai wata fara mai ruwan ɗorawa da zane-zane wadda a kan tumfafiya take kwana take tashi. Ba ta ɓuya, ba ta saurin tashi, kuma duk mai kamun fara ya san ba a sa ta a kasko. A 1967 wasu masana, cikinsu har da Miriam Rothschild ta Ingila da Tadeus Reichstein na Suwizalan, suka binciki 'yar'uwar wannan fara, suka tarar tana adana dafin tsiron a jikinta, tana fesa wa duk wanda ya taɓa ta. Wato ta ƙwace makamin tsiron ta mai da shi nata. Launinta mai ɗaukar ido kuwa sanarwa ce ga tsuntsu cewa ya nemi abinci a gaba.

Haka kuma malam-buɗe-littafin nan mai ruwan goro da baƙin gefe da ɗige-ɗigen fari, wanda masana ke kira Danaus chrysippus, tsutsarsa ganyen tumfafiya da danginta take ci, shi ma tsuntsaye suna ƙyamarsa. Abin mamaki, akwai wani malam-buɗe-littafin na dabam, wanda tsutsarsa ba ta cin tumfafiya, amma macensa ta ɗauko kamannin wancan sak, har tsuntsu ya gan ta ya ƙyale. Kun ga tsiro guda ya shafi rayuwar fara, da malam-buɗe-littafi biyu, da tsuntsun da ke farautarsu. Idan tumfafiya kaɗai ta ƙunshi wannan, ina ga gawo da kanya da tsamiya da aduwa da marke da kalgo?

Wannan ilmi ba baƙo ba ne wurin iyayenmu, sai dai ba su kira shi da sunan da muke kiransa a aji ba. Majemi da ke jiƙa fata da 'ya'yan bagaruwa yana aiki ne da sinadarin da ake kira tanin, wanda ke kama furotin ya ɗaure shi. Baurin da ke hana dabba jin daɗin ɗanyen ɗan itace shi ne kuma ke hana fata ruɓewa, har jar fatar ƙasar Hausa ta yi suna a kasuwannin Turai. Tsohuwar da ke zuba toka da barkono a cikin waken iri, da manomin da ke jiƙa ganyen taba ya yayyafa wa shuka, da wanda ke turara ganyen sarakuwar sauro da magariba, duk makaman tsirrai suke ara. Masu ɗinkin babbar riga kuma sun san zaren tsamiya, wanda ake samu daga saƙar wasu tsutsotsi masu cin ganyen itace, har zaren ya ɗauki sunan itacen. Sunayen nan ma kansu taska ce. J. M. Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga a 1916, ƙamusun Bargery na 1934 kuma cike yake da sunayen ƙwari waɗanda da yawanmu ba mu taɓa ji ba. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

Misalin da ya fi kowanne nuna darajar irin wannan lura shi ne na darbejiya, wadda wasu ke kira maina ko dogon-yaro. Asalinta daga Indiya da maƙwabtanta ne, an kawo ta Barno a 1928. A 1959 wani Bajamushe mai suna Heinrich Schmutterer yana aiki a Sudan lokacin da fari suka sauka, ya lura sun cinye kusan kowane kore amma sun bar darbejiya. Wannan lura ta ido kawai ita ta buɗe ƙofar bincike. A 1968 aka ware sinadarin da ke cikin ƙwallonta a Ingila, aka sa masa suna azadiraktin. Yana hana ƙwaro sha'awar ci, yana kuma hana tsutsa saɓa ta girma. Tsarinsa yana da sarƙaƙiya ƙwarai, har sai da masana a Jami'ar Kambirij suka shafe shekara 22 kafin su iya haɗa shi a ɗakin gwaji a 2007. Abin da ya ci wa masana shekara 22, itacen ƙofar gidanmu yana yin sa kowace shekara, ƙwallayen suna zuba muna sharewa. Akwai kuma darasi na biyu. An taɓa ba wani kamfani tare da ma'aikatar gona ta Amurka takardar mallakar wani maganin feshi na darbejiya a Turai, sai da mutanen Indiya da magoya bayansu suka kai ƙara, suka nuna manomansu sun daɗe suna amfani da shi, aka soke takardar a 2000, aka tabbatar da sokewar a 2005. Sun yi nasara ne saboda suna da shaida. Ilmin da ba a rubuta ba, ranar shari'a ba shi da mai tsaya masa.

Yanzu bari in juyo kan gona, inda rashin sanin wannan al'amari ya sha jawo mana asara. A 1975 cutar kuturtar gyaɗa, wadda wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari masu tsotson ruwan ganye ke yaɗawa, ta lalata gyaɗa a kimanin hekta 700,000 a Arewacin Nijeriya, ta taimaka wajen kawo ƙarshen dalar gyaɗa ta Kano. A 2016 tsutsar tumatir da manoma suka laƙaba wa suna sharon ta cinye gonakin rani a Kano da Jigawa da Kaduna da Katsina. Asalinta Kudancin Amurka, mahaifar tumatir kansa, don haka dafin da ke cikin ganyen tumatir, wanda ke korar wasu ƙwarin, ita bai dame ta ba. Ta iso mana ba tare da abokan gābarta na can gida ba, kuma ta riga ta saba da magungunan feshi da yawa. A wannan shekarar ce kuma aka fara ganin tsutsar masara 'yar Amurka a Nijeriya. Amsar da muka fi bayarwa ita ce ƙarin feshi. Amma maganin feshi bai san aboki ba bai san maƙiyi ba: yana kashe tsutsar, yana kashe zanzaron da ke cin tsutsar, da ƙudan zuman da ke kai wa kankana da kabewa barbara. Idan ruwa ya wanke shi ya kai kogi, ya kashe 'ya'yan mazari da sauran ƙwarin ruwa da kifi ke ci, wani lokaci da kifin kansa. Garin da ya yi suna da kifi irin Haɗejiya bai kamata ya yi wasa da wannan ba.

Akwai wata hanya, kuma an gwada ta an ga amfaninta. A 1990 Ted Turlings da abokan aikinsa suka nuna cewa idan tsutsa ta fara cin ganyen masara, masarar tana sakin wani ƙamshi na musamman, wanda ke jawo wasu ƙananan dangin zanzaro su zo su yi ƙwai a jikin tsutsar. Wato tsiron kururuwar neman gudunmawa yake yi, da harshen da hancinmu ba ya ji. A Kenya, Zeyaur Khan da abokan aikinsa na cibiyar nazarin ƙwari ta Nairobi sun gina dabara a kan irin wannan sani tun shekarun 1990: a shuka wani ɗan wake mai warin da ke korar uwar tsutsa a tsakanin kunyoyin masara, a kewaye gonar da ciyawar da ke jawo ta. Daga baya aka gano saiwar ɗan waken tana kuma hana wuta-wuta kama masara. Kusa da mu, a jihar Maraɗi, masu binciken aikin gona na Nijar sun koya wa manoma kiwon wani ɗan ƙaramin zanzaro a cikin 'yan buhuna, a rataye a gona ya kashe tsutsar da ke cin zangarniyar gero. Buhun nan mai leda biyu a ciki da ake adana wake ba tare da magani ba, wanda aka fara yaɗawa a 2007, shi ma daga sanin ƙwaron ya fito, domin an gane idan ya rasa iska ba ya rayuwa. Duk waɗannan dabaru sun faro ne daga mutumin da ya tsuguna ya lura da wane ƙwaro ke kan wane ganye.

Abin da ya sa na ce aikin nan ba ya jiran gobe shi ne fadamar kanta tana sauyawa. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Calawa kuma a 1992. Sun kawo noman rani da ruwan sha, wannan ba abin musu ba ne. Amma sun sauya ɗabi'ar kogin. A da ruwa yakan cika da damina ya janye da rani, tsirrai da kifi da ƙwari duk sun saba da wannan zuwa da komawa. Da aka sami ruwa yana kwance a wasu wurare shekara-shekara, sai kacala ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta mamaye gonaki da wuraren su da makiyaya, ta zama mafakar tsuntsayen jan-baki masu cinye shinkafa, waɗanda su kuma ake bi da feshin jirgin sama. Wasu wuraren kuma ruwan ya daina kai musu, itatuwansu suka bushe. A kan wannan ga saran itace don girki da gawayi. Inda tsirrai iri-iri suka koma kacala zalla, ƙwarin da suka dogara da tsirran nan ina za su? Mutanen Jamus sun iya faɗa wa duniya a 2017 cewa ƙwari masu tashi sun ragu da fiye da kashi 75 cikin 100 a wasu gandayensu cikin shekara 27, domin wasu masu sha'awa a garin Krefeld sun yi ta kafa tarko suna aunawa kowace shekara. Wanda bai ƙidaya garkensa da safe ba, da yamma ba zai san ko kura ta ɗauka ba.

To, mene ne namu a ciki? Ba daga sifili za mu fara ba. Akwai ɗakin adana ƙwari a Samaru ta Zariya, akwai kuma jerin ƙwarin Nijeriya da John Medler ya buga a 1980. Yau Jihar Jigawa tana da Jami'ar Tarayya a Dutse, da Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman a cikin Haɗejiya. Shawarata ta farko ga 'yan'uwana ɗalibai ita ce, idan an tafi hutu kowa ya zaɓi itace ɗaya ko tsiro ɗaya a garinsu, ya riƙa ziyartarsa da safe da yamma. Ya rubuta rana da wuri, da ƙwaron da ya gani, da abin da ƙwaron ke yi: ganye yake ci, ko fure, ko wani ƙwaron yake farauta. Ya ɗauki hoto da wayarsa. Sannan ya je wurin tsoho manomi, da masunci, da Bafulatani makiyayi, da mai maganin gargajiya, ya gaishe su da ladabi, ya tambayi sunan ƙwaron da na tsiron da Hausa da Fulatanci da Barbarci da Badanci, ya rubuta yadda suka faɗa. Wannan aiki ba ya bukatar kuɗi, littafi da alƙalami da haƙuri kawai yake so.

Shawara ta biyu ga malamanmu ce: a haɗa ɗalibin nazarin halittu da na kimiyyar sinadarai da na harshen Hausa a kan aikin kammala digiri guda. Na farko ya gano ƙwaron, na biyu ya tace ganyen ya ga abin da ke ciki, na uku ya tsare sunan da bayanin masu shi. A kuma ajiye samfurin da rahoton a inda na baya zai same su ya ɗora, domin amfanin irin wannan aiki yana cikin maimaita shi a wuri ɗaya shekara bayan shekara.

Shawara ta uku ga yayyenmu ma'aikata ce, musamman na ma'aikatun gona da gandun daji da ruwa da tsare-tsare. Takardun da ke bi ta teburinku su ne ke zama madatsa, su zama kwangilar maganin feshi, su zama izinin sare daji. Kafin a sa hannu a sayi magani, a tambaya wane ƙwaro ne, kuma me zai mutu tare da shi. Idan za a raba dashe, a sa gawo da aduwa da tsamiya da kanya da bagaruwa tare da darbejiya, domin itacen da ƙwari ke gudu, komai amfaninsa, ba zai ciyar da abin da itatuwan gida ke ciyarwa ba. Idan baƙon mai bincike ya zo ɗaukar ganye ko ilmin mutanenmu, a tuna akwai yarjejeniyar Nagoya ta 2010, wadda ta ce sai da izini, kuma a raba amfanin da masu abin.

Jama'a, a cikin Alƙur'ani mai girma akwai sura mai sunan ƙudan zuma, akwai mai sunan tururuwa. Abin da ya sami wannan matsayi bai cancanci raini daga ɗalibi ba. Fadamar Haɗejiya ta ciyar da kakanninmu da kifi da shinkafa da nono da zuma, kuma ƙwari suna da hannu a cikin kowannensu. Hakkinta a kanmu, mu da aka kashe dukiyar jama'a aka ilmantar, shi ne mu san abin da ke cikinta, mu rubuta shi da harshenmu da na kimiyya, tun tsofaffin da suka san sunayen suna raye, tun itatuwan suna tsaye.

A nan zan dasa aya.  Allah ya ƙara mana ilmi mai amfani.